Tseren Hawan Dutsen Kamaru

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in yi wa 'yan'uwa masu karatu bayanin wani al'amari na ƙasar da na ke zaune, watau tseren hawan Dutsen Kamaru, wanda a ke yi kowace shekara a garin Buea, galibi cikin watan Fabrairu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, labarin tseren nan ya bazu cikin zangunanmu, amma abu biyu kaɗai samari su ke riƙewa daga cikinsa. Na fari kuɗin da a ke ba wanda ya zo na ɗaya, sefa miliyan 10. Na biyu tsawon hanyar, kilomita 38, kamar mil 24 ke nan, zuwa da komowa. Yaro ya ji haka sai ya yi lissafi a zuci, ya ce ai bai ma kai daga Kano zuwa Wudil ba, shi kuwa yana buga ƙwallo tun daga la'asar har magariba bai gaji ba, me zai hana shi? Ni akawu ne, da lissafi na ke cin abinci, na kuwa sani lamba ba ta yin ƙarya, amma ta iya ɓoye magana. Abin da lambar nan 38 ta ɓoye shi na ke so in tone.

Da farko dai dutsen kansa. Yana bakin teku ne, a kudu maso yammacin Kamaru, tsawonsa mita 4,040, ƙafa 13,000 da ɗoriya ke nan, ba shi da na biyu a duk wannan sashi na Afirka. Mutanen da ke zaune a gindinsa, Bakweri, suna kiran ƙololuwarsa Fako. Sa'ad da mu ke makarantar mishan an koya mana a darasin labarin ƙasa cewa akwai duwatsu masu aman wuta, har malaminmu ya zana mana wani a allo kamar malafa da hayaƙi a bisa. Wannan ba haka ya ke ba. Doguwar ƙasa ce ta tashi sama kamar bayan giwa, kuma ba ta baki ɗaya ya ke aman ba, ko ina ya ga dama a haƙarƙarinsa sai ya tsage. Ya yi a 1909, har Jamusawa, waɗanda a lokacin nan Buea ce hedkwatarsu, suka kwashe suka koma Duwala. Ya yi a 1922, narkakken dutse ya gangara har cikin teku. Ya sake a 1954, da 1959, da 1982. Na 1999 ya kwararo ya datse hanyar mota da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau, kusa da ƙauyen Bakingili, sa'an nan a shekara ta 2000 ya kuma. Masu karatu na ƙasar Biu da na wajen Panyam sun san irin tuddan nan masu rami a ka da baƙar tsakuwa a gindi. To, nasu matattu ne, namu yana da rai.

An fara tseren a 1973, kamfanin Guinness ne ya ɗauki nauyinsa, shi ya sa har yanzu a ke kiran hanyar da sunansa. A 1996 hukumar wasannin guje-guje ta Kamaru tana riƙe da shi, aka sa masa sunan da ma'anarsa ita ce Tseren Sa Rai. Amma hanyar ta girmi tseren nesa ba kusa ba. Littattafai sun ce Richard Burton na Ingila da Gustav Mann na Jamus sun hau dutsen a ƙarshen 1861 da farkon 1862, amma tun kafin su maharban Bakweri suna shiga suna fita cikin kurminsa da filayensa. Ba injiniya ya auna hanyar nan ba, balle ya yi mata kwana-kwana don sauƙi. Sawun mutum ne ya yi ta, ta miƙe sama sosai kamar tsani.

Na hau ta da ƙafata, ba da gudu ba, a cikin kwana biyu, ni da abokan aiki uku da jagora ɗaya da 'yan dako biyu. Saboda haka abin da zan faɗa na ganau ne.

Daga filin wasa na Molyko a ke tashi da sassafe. Kashin fari kwalta ce, a bi ta tsakiyar gari, ta Soppo, a yi ta hawa a hankali, jama'a dama da hagu suna kiɗa suna ihu. Nan ne baƙo ya kan kashe kansa tun bai ga dutse ba, gama hanya lafiyayya ce, ihu yana zuga shi, sai ya zubar da ƙarfin da zai nema da kuka bayan sa'a uku. Kwalta ta ƙare a gonar gidan yari da ke saman gari, daga nan a ratsa gonaki a faɗa kurmi. Kurmin nan duhu gare shi da laima, ko da rani ƙasarsa ba ta bushewa sarai, saiwoyi sun kwanta a kan hanya kamar igiyoyi, gansakuka ta lulluɓe kowane dutse. Mutum yana gumi kamar an watsa masa ruwa, iska ba ta motsi. A cikinsa a ke iske Bukka ta Ɗaya, a wajen mita 1,850. Bukkoki uku ne manya a hanyar, an gina su domin matafiya su fake, da su kuma a ke auna tafiya.

Bayan Bukka ta Ɗaya da kaɗan sai kurmi ya yanke farat ɗaya, kamar an sa wuƙa. Ka fito fili, ba inuwa, sai ciyawa dunƙule-dunƙule a kan baƙin dutse, in kuwa an riga an sa mata wuta, kamar yadda a kan yi da rani, sai toka da kututture. Nan ne mugun wuri. Daga nan zuwa Bukka ta Biyu, wadda ke wajen mita 2,800, babu mai gudu, ko wane ne shi. Gwanayen ma tafiya su ke yi sun sunkuya, hannu a gwiwa, wani wurin har da rarrafe. Akwai wani itace guda ɗaya tak a tsaye a gangaren nan, suna ce da shi itacen sihiri, domin kana hangensa kamar ka jefa dutse ka same shi, ka yi ta tafiya shi kuwa yana nan inda ya ke. Ni dai na daina dubansa, na koma ƙidaya taki, in yi hamsin in tsaya, daga baya in yi talatin in tsaya. Ɗan dakon da ke ɗauke da jarkar ruwanmu a ka ya wuce ni sau biyu, ya ajiye, ya komo ya karɓi jakata, bai ce mini kome ba, ni ma ban ce ba.

A Bukka ta Biyu muka kwana. Da dare sararin sama ya washe, muka hangi fitilun Duwala can ƙasa. Na san hunturun Jos, amma ɗarin daren nan dabam ne. Ƙa'idar da masana suka faɗa ita ce, kowane mita 1,000 da ka hau zafi ya kan ragu da wajen digiri 6, saboda haka wanda ya bar Molyko cikin gumi zai iske ƙololuwa tana kusa da daskarar da ruwa, ga iska mai kaɗa mutum. Mu muna da barguna da shayi. Mai tsere kuwa da 'yar singileti ya ke ratsa wurin, jiƙe da gumin kurmi.

Daga Bukka ta Biyu zuwa ta Uku, a wajen mita 3,700, ciyawa tana raguwa, ƙasa tana komawa abin da wuta ta bari. Iri biyu ne. Akwai narkakken dutse da ya sandare, baƙi, mai kaifi, mai ƙofofi, in ka san kashin maƙera da a ke zubarwa bayan maƙera to ka san shi, sai dai wannan fili ne guda. Yana cin takalmi, in ka faɗi a kai kuwa ya karɓi fatar hannunka. Akwai kuma tsakuwa da toka masu zurfi, waɗanda in ka taka uku sai su komo da kai ɗaya. Ga shi kuma numfashi ya ƙi isa. A ƙololuwa, kowane numfashi kashi uku ne kawai cikin biyar na abin da huhu ya saba samu a bakin teku. Kai ya yi ciwo, zuciya ta riƙa tashi, ƙafa ta yi nauyi kamar ta aro. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu, wanda ya fi mu duka jiki da ƙarfi, a Bukka ta Uku ya zauna ya ce shi ya iso. Dutsen nan ba ruwansa da ƙirar mutum.

Ƙololuwar kanta ba ta da wani kwarjini. Tudun baƙar tsakuwa ne, da alama a kafe, da iska. Muka yi minti goma muka juyo. Mai tsere ko minti ɗaya ba ya yi, a shaida ya iso, ya juya.

To, Edita, ga inda maganata ta ke. Duk wanda bai san dutsen ba yana tsammani hawa ne wahala, saukowa hutu. Mutanen Buea kuwa, har yara, sun san a saukowa a ke cin tseren, a saukowa kuma a ke karyewa. Na gaba su kan kai sama cikin sa'a uku ko abin da ya yi kusa, su komo fili cikin kamar rabin wannan. Ka duba fa, fiye da mita 3,000 na tsayi, a sauke shi cikin sa'a ɗaya da rabi. Na tsaya a saman gari ranar tsere na ga yadda su ke gangarowa daga fili, sai ka ce akuya ta tsinke. Ba taki su ke yi ba, faɗuwa ce su ke yi suna tare ta da ƙafa. A kan tsakuwa su kafa diddige su zame da ita. A kan dutse mai kaifi su yi ta tsalle, ido yana taki uku gaba da ƙafa. A cikin ciyawa sun san wane dunƙule ne zai riƙe mutum, wanne ne ke rufe da rami. Da yawansu da takalmin roba na kasuwa su ke yin wannan, wasu da safar hannu saboda faɗuwa, wasu da sanda. Kowane taki cinya ce ke birki, ta tare nauyin jiki duka, sau dubbai, har ta soma rawa ta ƙi jin magana. Sa'an nan a shiga kurmi da ƙafafun nan masu rawa a taka saiwa mai santsi. Sa'an nan, bayan duk wannan, a fito kan kwalta da hantsi ya yi zafi, mutumin da ɗazu ya ke cikin ɗari, a ce masa saura gari guda ya ratsa da gudu. Mu da muka sauko a hankali, kwana huɗu ina hawa matakalar ofis da baya-baya, masinja yana dariya a ɓoye.

Shi ya sa tseren nan, wanda bai kai gudun fanfalaki na kilomita 42 tsawo ba, ya ke cin ninkinsa na lokaci. Gwanayen duniya suna gama 42 a kan kwalta cikin sa'a biyu da 'yan mintoci. A nan mazan da suka fi kowa sai sun yi wajen sa'a huɗu da rabi, mata wajen biyar da rabi.

Su wa ke ci? Wanda ya ci na farko a 1973, John Ekema, ɗan gindin dutsen ne. Sarah Etonge, wadda a ke kira Sarauniyar Dutse, ta ci na mata sau bakwai tsakanin 1996 da 2005, ita ma 'yar Buea ce, uwar 'ya'ya bakwai. Turawa kaɗan sun taɓa ci a shekarun baya, su ma mutanen duwatsu ne a ƙasashensu. Yawancin masu ci kuwa daga tuddan jihar Arewa maso Yamma su ke fitowa, wajen Bamenda da Kumbo, manoma da makiyaya, waɗanda tun suna yara ba su san hanya shimfiɗaɗɗiya ba, gona a sama, ruwa a kwari. Samarinmu sun ji Adamu Issa Buba ya ci a 2023, sai suka ce ai suna irin namu ne, mu ma za mu iya. Suna dai iri ɗaya ne, amma ƙafar da ta tashi a kan tudu dabam ta ke da wadda ta tashi a rumfar kasuwa.

Ba kuma wasa ba ne. A tseren 2024 wani ɗan Kenya, Charles Kipsang, mutumin da gudu ne sana'arsa, ya daɗe yana cikin na gaba, ƙarfi ya ƙare masa kusa da ƙarshe, ya lallaɓa ya kai fili, ya faɗi, rai ya yi halinsa. A 2023 kuma abubuwa suka fashe a gefen hanya a cikin gari ana tsakiyar tsere, mutane da dama suka ji rauni, wannan kuwa na rigimar da ta addabi yankin nan ne tun 2016, ba na dutse ba.

Tun daga nan magana ta rabu biyu. Na ji wasu ma'aikata suna cewa a rage hanyar, ko a mai da tseren kan kwalta kamar na sauran ƙasashe. Ban yarda da su ba. In aka ɗauke shi daga dutse, an ƙwace shi ke nan daga hannun manomi da makiyayi da matar da ke noman koko a bayan gari, an ba masu takalma masu tsada, alhali kuwa wannan ne fage guda da sanin ƙasa ya ke rinjayar kuɗi. Dattawanmu na zango kuma nasu ra'ayin shi ne a hana yaranmu sam, wai mutumin kirki ba ya gudu sai an kore shi, kuma wahala ce ba gaira ba dalili. Ina ganin girmansu, amma nan ma ban bi su ba. Kakanninmu da suka kawo mu ƙasar nan da ƙafa suka zo, da kaya a ka, suka ratsa tuddan Banyo da na Bamenda suna fatauci, ba a taɓa ce musu marasa kamun kai ba. Mu jikokinsu da mu ke zaune a kujera daga safe har yamma, tumbi yana gaba muna biye, ba mu ne za mu yi wa mai gudu dariya ba. Hani kuma ba ya hana saurayi, sai dai ya sa shi ya tafi a ɓoye ba shiri, wannan kuwa shi ne abin tsoron.

Abin ya zo har gidana. Ɗan yayata, yaro ɗan shekara goma sha tara, mai taya wani ɗinki a kasuwa, ya same ni ya ce, “Kawu, ina so ka sa baki wurin Inna, ta bar ni in shiga tseren bana.” Na ce masa, “Sau nawa ka hau?” Ya ce bai taɓa wuce gonar gidan yari ba, amma kullum da asuba yana zaga fili sau ashirin. Na ce, “Bana kam a'a. Amma ba zan ce maka har abada ba.” Muka yi sharaɗi a gaban uwarsa. Zai fara zuwa likita ya auna zuciyarsa da jininsa, ya kawo mini takarda in gani da idona, gama aikina ke nan. Zai hau har ƙololuwa da tafiya, tare da jagora, ba sau ɗaya ba, domin ya san abin da tsayi ke yi wa kansa da cikinsa tun ba a cikin tsere ba, gama wani jikin ba ya karɓar tsayi ko kusa, ba kuwa a sani sai an je. Zai shekara yana koyon saukowa tsakanin Bukka ta Biyu da kurmi a bayan waɗanda suka iya, yana ɗauke musu ruwa in ta kama. In ya cika wannan, ya fara da tseren ƙungiya, wanda a ke raba hanya tsakanin 'yan wasa kowa ya ɗauki kashinsa, kafin ya yi maganar dukan dutse. Ya ɓata rai, ya ce shekara ta yi nisa. Uwarsa kuma ta ɓata rai, ta ce ashe ban hana shi ba. Na tashi na bar su, kowa yana ganin na goyi bayan ɗayan. Ya dai je wurin likitan, yanzu kuma kowace Lahadi da asuba yana kan gangaren nan, gwiwoyinsa duk tabo.

Ga wanda ba tsere ya ke nema ba, sai dai ya ga ikon Allah, akwai wata hanya da ta fi ta tseren kyau, ko da ya ke ta fi tsawo, kwana uku a ke yi. A hau ta hanyar bukkoki, amma maimakon a komo ta nan sai a gangara ta kudu maso yamma, a ratsa filayen narkakken dutse, a bi ta gefen ramukan da suka yi aman 1999, inda ƙasa ta ke ja da baƙi da rawaya kamar an zubar da rini, a kwana a maɓuɓɓugar ruwa da a ke kira da sunan Mann ɗin nan na Jamus, sa'an nan a bi kurmi a fito ƙauyen Bokwango. Tun 2009 yawancin dutsen gandun gwamnati ne, ba a shiga sai da izini da jagora, akwai kuwa giwaye a kurmin yamma. Ruwa shi ne babbar matsala, abin mamaki, gama a gindin dutsen ta wajen teku, a Debundscha, ruwan sama ya kan kai wajen milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko ina ruwa a duniya, amma a sama ƙasa duk ƙofofi ce, tana shanye shi nan da nan, sai ka yini ba ka ga ɗigo ba. Wanda zai je ya tafi tsakanin Nuwamba da Maris, ya ɗauki ruwa fiye da yadda ya ke zato, da rigar ɗari, ya kuma biya ɗan dako hakkinsa ba ciniki.

Ina roƙon malaman makaranta da akawuna na Biu da Panyam da Mubi, in akwai mai sanin hanyoyin tuddansu, nawa ne tsayinsu, wace irin ƙasa ce a kai, ko kuma akwai samari masu gudu a kansu, ya rubuto ta wannan fili mu ji, domin akwai yaranmu na nan da su kan je can wurin dangi da damina, sa'ad da namu dutsen ba ya hawuwa saboda ruwa.

 

Ni ne naka,
Wani Akawu, Buea.